Me ya sa masu jita a Amurka ke riƙe wa kamfanin da ya ƙi ƙaura amana?

Tun da gwamnatin Donald Trump ta ɗora sabon kuɗin fito a kan kayan ƙasashen waje a watan Afrilun 2025, wata tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin masu kaɗa jita a Amurka. Ga jita biyu rataye a bango ɗaya a shago, siffa ɗaya, launi ɗaya, kowacce da tsirkiya shida. Ɗaya Gibson Les Paul Standard ce, ƙirar birnin Nashville na Amurka, kuɗinta ya haura dala 2,500. Ɗayar Epiphone Les Paul Standard ce, ƙirar ƙasar Sin, ko dala 1,000 ba ta kai ba. Kamfani ɗaya ke da su duka biyun. Duk da haka akwai wanda zai shekara yana tara kuɗi don ya ɗauki ta farkon, kuma in ka ce masa ta biyun ma za ta yi masa aiki, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Mutane kan saukaƙa amsar. Wasu su ce kishin ƙasa ne kawai, wasu su ce ai kayan Amurka sun fi inganci, shi ke nan. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Me wannan mutum yake biya wa da ƙarin kuɗinsa? Shi kuma kamfanin da ya zauna a gida, da me yake riƙe kansa?

Me ake nufi da "an yi a gida"?

Rubutun "Made in USA" ba ado ba ne da kowa zai manna yadda ya ga dama. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta daɗe da sharɗanta cewa ba za a yi wannan rubutu a kan kaya ba sai in duka ko kusan dukan abin da ke cikinsa ɗan ƙasar ne, kuma a cikin ƙasar aka harhaɗa shi. A 2021 ta mayar da sharaɗin ƙa'idar da ake cin tara in an karya ta. Jihar Kaliforniya ma ta fi tsanani a da. Sai daga 2016 ta sassauta, ta yarda kayan waje su kai kashi 5 cikin ɗari na farashin sari, ko kashi 10 idan abin ba a samunsa a cikin ƙasar.

Wannan sharaɗi kuwa yana da wuya ga maƙerin jita, don jita tarkace ce daga sassan duniya. Shi ya sa in ka ɗaga yawancin sababbin jitocin kamfanin Fender na Amurka ka dubi kansu, wurin da ake ɗaure tsirkiya, abin da za ka karanta shi ne "Corona, California". Sunan garin da masana'antar take aka rubuta, aka bar maganar ƙasa.

Saboda haka idan mai jita ya ce tasa 'yar gida ce, yawanci hannayen da suka yi aikin yake nufi: a nan aka yanka katakon, a nan aka fere wuyan, a nan aka yi fenti, a nan aka ɗaura tsirkiya aka gwada. Inda bishiyar ta tsiro wani zance ne, za mu zo gare shi.

Wa ya zauna, wa ya fita?

In ana maganar zama daram a gida, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Rickenbacker. An kafa shi a 1931 a Los Angeles, kuma shi ya fitar da jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa a 1932, wadda ake wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Tun 1953 yake hannun iyalan Hall. Duk jitar da ke ɗauke da sunansa a Santa Ana ta Kaliforniya ake ƙera ta. Ba shi da ƙaramin tambari mai araha da ake yi masa a Sin ko Indonesiya, ba ya kuma wasa da duk wanda ya kwaikwayi siffar kayansa, nan da nan lauyoyinsa za su aika takarda.

Sauran manyan kowa ya raba ƙafa. Fender ya fito da tambarin Squier a 1982 ana yi masa a Japan, ya kuma buɗe masana'anta a Ensenada ta Meziko a 1987. Martin, wanda aka kafa a 1833 kuma yake garin Nazareth na jihar Pennsylvania tun wajen 1839, yana da masana'anta a Navojoa ta Meziko tun 1989. Taylor yana El Cajon ta Kaliforniya, yana kuma Tecate ta Meziko, tsallaken iyaka kaɗan. PRS yana yin manyan jitocinsa a Maryland, masu sauƙin kuɗin ana yi masa a Asiya. Gibson ya yi tasa dabarar: duk abin da aka rubuta wa Gibson a Amurka ake yin sa, na lantarki a Nashville, marasa lantarki a Bozeman ta jihar Montana, amma Epiphone, wanda ya saya a 1957, tun 1970 aka kai yawancin aikinsa ƙetare.

A nan ne nake ganin mutane da yawa ba su lura da abin da ke faruwa ba. Kamfanin da ya ce ya zauna a gida bai fi ƙarfin lissafi ba. Ɗayan biyu ne: ko dai ya yarda ya zama ƙarami mai tsada kamar Rickenbacker, inda mai so kan jira watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin jitarsa ta iso, ko kuma yana da ƙani a ƙetare wanda ke kawo cefane. Yaron da ya fara koyo da Squier ko Epiphone shi ne ke girma ya sayi Fender ko Gibson. Ƙanin ke jawo masu saye, yayan ke riƙe da sunan gidan.

Lokacin da kayan gida suka ba da kunya

Wanda ya ɗauka rubutun ƙasa shi ne tabbacin inganci, ya waiwayi shekarun 1970. A 1965 kamfanin yaɗa labarai na CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. A 1969 Gibson ya faɗa hannun kamfanin da aka sani daga baya da Norlin. Sababbin masu gidan suka sa ido a kan yawan abin da ake fitarwa da rage kashe kuɗi, masu kaɗawa kuma suka fara kuka: jita ta yi nauyi, fenti ya yi kauri, wuya ba ya zama daidai a mazauninsa. Duk a cikin Amurka ake yin su a lokacin. Har yau a kasuwar tsofaffin jita, cewa an yi ta kafin zuwan CBS ya isa ya ninka mata kuɗi.

A daidai wannan lokaci ne masana'antun Japan, masu tambura irin su Tokai da Greco da Ibanez, suka riƙa kwaikwayon tsofaffin samfuran Amurka da kyau, har wasu suka ce kwaikwayon ya fi abin da masu asalin ke fitarwa a shekarun. A 1977 Norlin ya kai ƙarar dillalin Ibanez a Amurka a kan siffar kan jita. Fender kuwa ya ga abin da ya fi shi ne ya haɗa kai da Japanawan. Da ma'aikatansa, ƙarƙashin Bill Schultz, suka saye shi daga CBS a 1985, cinikin bai haɗa da tsohuwar masana'antar Fullerton ba, don haka na ɗan lokaci yawancin abin da Fender ke sayarwa ƙirar Japan ne, kafin masana'antar Corona ta tsaya da ƙafarta.

Wato masu saye sun taɓa juya wa kayan gida baya da suka ga an raina musu hankali. Amanar da ake magana a kai tana da sharaɗi tun asali. Gibson ya sake ɗanɗana wannan a baya-bayan nan. A samfuran 2015 ya sanya wa yawancin jitocinsa na'urar da ke gyara ɗaurin tsirkiya da kanta, ya kuma ƙara kuɗi, masoyansa suka yi ca a kansa. Ga bashin da ya ci don sayen kamfanonin kayan sauti. A watan Mayun 2018 ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi. Sababbin masu shi da suka karɓa, abin da suka fara yi shi ne komawa ga tsofaffin samfuran da mutane suka sani.

To, me mai saye yake biya wa?

Kaso mafi girma kuɗin hannu ne. Ko da inji mai kwamfuta ne ke yanka gangar jita da wuyanta a yau, a Nashville ne ko a Surabaya ta Indonesiya, akwai aikin da sai mutum. Ƙananan ƙarafan nan da aka jera a kan wuya, inda ake danna tsirkiya, ashirin da ɗoriya ne. Kowanne sai an dasa shi, an daidaita tsayinsa da na 'yan uwansa, an goge bakinsa da magagari don kada ya yanki yatsa. Ka zura hannunka a gefen wuyan jita mai araha da aka yi cikin gaggawa, za ka ji bakin ƙarfen yana kartarka kamar haƙoran zarto. A wadda aka ba lokaci, hannu sulɓewa yake yi. Sa'o'in da aka kashe wajen wannan gugar da fenti da gyaran ƙarshe, a albashin Amurka, su ne suka kumbura farashin. (Abin dariya, injin da Gibson da Martin ke amfani da shi wajen daidaita waɗannan ƙarafa, mai suna Plek, ƙirar Jamus ne.)

Sai maganar sake sayarwa, wadda masu jita ba sa son amsa ta a fili amma tana ransu. Jita ba waya ba ce da ke mutuwa bayan shekara uku. Tana iya shekara hamsin tana aiki, ta wuce daga uba zuwa ɗa. Wadda aka yi a babbar masana'antar gida ta fi riƙe darajarta a kasuwar gwanjo, tsofaffin ma hauhawa suke yi: Les Paul ta 1959 ɗaruruwan dubban daloli ake sayenta. Mai sayen ta dala 2,500 yana lissafin cewa ranar da ta ɓaci masa zai iya mayar da kaso mai kyau na kuɗinsa. Kusan kamar mai sayen zinari ne, yana ado da shi yana kuma ajiya.

Akwai kuma tarihi. Rickenbacker mai tsirkiya 12 da aka ba George Harrison na ƙungiyar Beatles a 1964 ta sa sautin kamfanin ya shiga kunnen duniya. Wanda ya sayi irinta yau yana so ya san cewa daga gidan da waccan ta fito tasa ma ta fito, ba wani ne aka ba hayar sunan ba. Wannan ba abu ne da kunne ke ji ba, amma mutane na biyan kuɗi a kansa, kuma ban ga laifinsu ba.

Na ƙarshe shi ne mutanen da ke aikin. Gibson a Kalamazoo ta jihar Michigan aka haife shi, ya kuma rufe masana'antarsa ta can a 1984 ya tattara ya koma Nashville. Wasu tsofaffin ma'aikatansa suka ƙi binsa. A 1985 suka kafa kamfanin Heritage a cikin wannan gini mai lamba 225 a titin Parsons, suka ci gaba da aiki da wasu tsofaffin injinan da aka bari, dogon bututun hayaƙin ginin kuma na ɗauke da sunan Gibson da aka jera daga sama zuwa ƙasa. Masu sayen Heritage da yawa saboda wannan labari suka zo. Lura kuma da cewa ƙaurar nan ko iyakar ƙasa ba ta tsallaka ba, daga jiha ce zuwa jiha. Ashe "gida" a bakin mai saye wani lokaci gari yake nufi, ko ma gini guda da mutanen cikinsa.

Katakon kuma daga ina?

Nan ne labarin ya biyo ta kusa da mu. Amurka na da nata itatuwan da ake jita da su, amma baƙin katakon nan mai tauri da ake shimfiɗawa a fuskar wuya, eboni, ɗan uwan kanya ne, kuma mafi yawan wanda ake samu ta halal a yau daga dazukan Kamaru da maƙwabtanta yake fitowa. Jan katakon da ake gangar wasu jitoci da shi daga Amurka ta Tsakiya yake zuwa, ko kuma daga Afirka, inda ake amfani da dangin maɗaci. Wani kuma daga Indiya.

A 2011 kamfanin Taylor da wani kamfanin katako na Sifaniya mai suna Madinter suka sayi masana'antar yanka eboni ta Crelicam a Yawunde. A can ne Bob Taylor, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Taylor, ya ce ya gano wani abu da ya tayar masa da hankali. Kasuwa baƙi wuluk kawai take so. Masu sara kuwa ba sa sanin launin cikin bishiya sai ta faɗi. In suka sare suka ga ratsin ruwan ƙasa ko fari a ciki, sai su bar ta nan ta ruɓe, don kuɗin da za a ba su bai kai wahalar fito da ita daga daji ba. A bayaninsa, kusan bishiya goma ake kayarwa kafin a samu ɗaya da ake ɗauka. Kamfanin ya fara biyan mai ratsin kuɗi ɗaya da baƙin, ya kuma riƙa sa shi a manyan jitocinsa. Shi ya sa yau za ka ga jita mai tsada da zane kamar hayaƙi a wuyanta, abin da a da za a kira aibi.

Gibson kuwa katako ya taɓa jefa shi a ruwa. Dokar Lacey ta Amurka, wadda aka faɗaɗa a 2008 ta shafi itatuwa, ta haramta shigo da katakon da aka samo ta hanyar karya dokar ƙasar da ya fito. Jami'an gwamnati sun kai samame masana'antunsa a 2009 da 2011 a kan katako daga Madagaska da Indiya. A 2012 aka sasanta, ya biya tarar dala 300,000, da wata dala 50,000 ga asusun kare namun daji, ya kuma haƙura da katakon Madagaskan da aka ƙwace. Abin lura shi ne yadda masoyansa da yawa suka tsaya masa, suna cewa gwamnati na takura wa kamfanin da ke ba 'yan ƙasa aiki. Dajin Madagaska bai shiga lissafin yawancinsu ba.

Abin da masu suka ke cewa

Masu jita na da wani barkwanci a kan Fender: wai bambancin ta Meziko da ta Amurka shi ne, ɗaya 'yan Meziko ne suka yi ta a Meziko, ɗayar kuma 'yan Meziko ne suka yi ta a Kaliforniya. Tsakanin Ensenada da Corona tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Abin da barkwancin ke nunawa shi ne gwaninta ba ta da fasfo. Masana'anta tana fitar da ingancin da mai oda ya biya ne. In ka ba ta Indonesiya kuɗi da lokaci, za ta yi maka abin da ba ka iya bambanta shi da na Maryland da ido rufe. Suna kuma ƙarawa da cewa kamfanin da ya san masoyansa ba sa barinsa yakan yi sakaci. Hatta Rickenbacker an daɗe ana masa ƙorafin jinkiri da ƙin sauya wasu sassa da masu kaɗawa ke kuka da su.

Masu goyon bayan na gida su ma suna da abin faɗa, kuma mai nauyi. Arahar nan wani ne ke biyanta. Kamfanin Cort na Koriya ta Kudu, wanda ke ƙera wa manyan tambura jitoci, ya fara rufe masana'antunsa na gida a 2007, aikin ya koma Indonesiya da Sin. Ma'aikatan da aka sallama suka shiga zanga-zangar da ta kai kusan shekara 13, sai a 2019 aka sasanta. Aikin da ya bar Amurka ya tafi Japan, ya bar Japan ya tafi Koriya, ya bar Koriya da albashi ya tashi. Yau gundumar Zheng'an da ke lardin Guizhou a Sin ita kaɗai miliyoyin jitoci take fitarwa a shekara. Mai sayen ta gida yana cewa aƙalla shi ya san dokar ƙwadagon da aka yi tasa a ƙarƙashinta, ya kuma san ƙofar da zai buga in ta lalace.

Kuɗin fito ya taimaki na gida?

A ido kamar ya kamata ya taimaka, tunda kayan waje sun ƙara tsada. A watan Afrilun 2025 kuɗin fiton kayan Sin ya kai kashi 145 cikin ɗari, kafin a sauko da shi zuwa 30 a watan Mayu. Amma ka tuna da ƙanin nan mai kawo cefane: shi aka fara bugawa. Kamfanin da Epiphone ko Squier ke tallafa wa ya ji a jikinsa, ko da babbar masana'antarsa na cikin ƙasa. Sannan ita kanta jitar gidan akwai na waje a jikinta, daga katako zuwa makullan ɗaure tsirkiya da ake sayowa daga Jamus ko Japan ko wasu ƙasashen Asiya. Ga kuma ramuwar gayya: Sin ta mayar da martani da kashi 125 a kan kayan Amurka a lokacin, alhali masu ƙera jita a Amurka suna sayar da kaso mai yawa a ƙetare. Masana'anta kuma ba a dawo da ita a wata shida, don horar da mai gyaran wuyan jita shekaru yake ci.

Wanda zai fi jin abin shi ne mai koyo. Mai sayen ta dala 3,000 zai yi gunaguni ya biya. Uban da ke neman ta dala 200 don ya gani ko yaronsa zai riƙe koyon, shi ne zai iya fasawa, kuma yaron da bai fara ba ba zai zama mai sayen Gibson nan da shekara ashirin ba.

Ga mai saye a ɓangarenmu

Yawancin jitocin da ke hannun matasa a Kano ko Yamai ko Agadas ƙirar Asiya ne ko na gwanjo, kuma babu abin kunya a ciki. Makaɗin jita Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake zagaya duniya da Fender ta 'yan hagu, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

Haɗarin da ke akwai shi ne jabu, don duk sunan da aka yarda da shi sai ya samu masu satarsa. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka nuna jabun Gibson sama da 3,000 da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Irin waɗannan ma "Made in USA" ake buga musu a bayan kai, har da lambar shaida. Idan wani ya miƙo maka Gibson sabuwa dal a kuɗin Epiphone, ka dubi murfin nan mai siffar ƙararrawa da ke kanta, kusa da inda wuya ya fara. A Gibson ta gaske kusoshi biyu ke riƙe da shi. Jabu da yawa uku suke sa masa.